Hutun ƙarshen mako a kan dusar ƙanƙara: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin ɗalibi ya hau Dutsen Uludag

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da hazon hunturu ke lulluɓe Abuja, dusar ƙanƙara ce ke lulluɓe Dutsen Uludag da ke kusa da birnin Bursa a ƙasar Turkiyya. A waɗannan watanni ne ɗaliban jami'o'in Istanbul kan haɗa kuɗi su tafi wasan zamiya ranakun Asabar da Lahadi. A cikinsu akwai 'yan Najeriya, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai da suka bar gida.

Ga mahaifin da ke bakin aiki a Sakatariyar Tarayya, labarin yakan iso ne a ɗan gajeren saƙo, ana neman izini da ƙarin kuɗi. Kafin ya ce "a dawo lafiya" ko ya ce "ban yarda ba", yana da kyau ya san abin da tafiyar ta ƙunsa.

Hanyar ba ta da nisa. Jirgin ruwa yakan ɗauki matafiyi daga Istanbul zuwa garin Mudanya cikin kimanin awa biyu, daga nan ya shiga mota zuwa Bursa, birnin da Daular Usmaniyya ta ci a 1326 ta mayar da shi fadar mulkinta. Daga gindin dutsen, ƙananan taragai masu rataye a jikin igiyar ƙarfe, waɗanda Turkawa ke kira teleferik, su ke haurawa da mutane zuwa unguwar otal-otal. Ƙololuwar dutsen tana da tsayin mita 2,543, kuma sanyi yakan ƙaru da kusan digiri 6 a duk hawan mita 1,000. Saboda haka rigar da ta wadatar a cikin gari ba za ta wadatar a can sama ba.

Kuɗin mota ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Akwai hayar sulallan katakai da takalmansu na musamman, hayar tufafin da ba sa jiƙewa, tikitin na'urar da ke kai mutum saman gangare, sannan masauki da abinci. A nan ne ɗalibi mai ƙaramin guzuri kan fara rage-rage, kuma abubuwan da ya fi saurin yafewa su ne kuɗin mai koyarwa da hayar hular kwano. Su ne kuwa abubuwa biyun da bai kamata a taɓa ba.

Ana bambanta hanyoyin zamiya da launi: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka fara gogewa, baƙi na ƙwararru. Haɗarin tafiya da abokai shi ne kunya. Wanda bai iya ba yakan bi waɗanda suka iya zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsa don kada a yi masa dariya, alhali bai koyi tsayawa ba. Raunin da ya fi yawa a wannan wasa shi ne na gwiwa, musamman tsinkewar jijiyar da ke riƙe ta, wanda kan kai ga tiyata da jinyar watanni. Ga ɗalibi, wannan na iya nufin asarar zangon karatu sukutum.

Raunin kai ya fi wannan muni. A watan Maris na 2009, 'yar wasan kwaikwayon Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangaren masu koyo a Mont Tremblant da ke Kanada, ba ta sanye da hular kwano. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ashe jini na taruwa a cikin kanta. Bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. A ranar 29 ga Disamban 2013, gwarzon tseren motoci Michael Schumacher ya bugi dutse da kansa a Meribel da ke Faransa, kuma likitocinsa sun ce ba don hular kwano ba da bai kai asibiti da rai ba. Duk wanda ya bugu a kai, ko da ya miƙe yana dariya, likita ya kamata ya gan shi nan take. Lambar neman agajin gaggawa a Turkiyya ita ce 112.

Sai batun inshora. Da yawa daga cikin takardun inshorar tafiye-tafiye ba sa biyan kuɗin raunin da aka samu a wasannin ƙanƙara sai an ƙara wani kuɗi tun farko. Idan ɗalibi bai karanta sharuɗɗan takardarsa ba, kuɗin asibiti a kan iyayensa zai faɗo, a biya shi da kuɗin waje daga albashin da ake karɓa da naira.

Masauki ma abin dubawa ne. Da tsakar daren 21 ga Janairun 2025, gobara ta tashi a otal ɗin Grand Kartal da ke wurin zamiya na Kartalkaya a lardin Bolu, ta yi ajalin mutum 78, ciki har da yara da dama da suka je hutun makaranta. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawar gobara ba, wasu kuma da zannuwan gado suka sauko ta taga. Minti biyar sun isa baƙo ya gano ƙofar ficewar gaggawa kafin ya kwanta.

Akwai kuma abin da ɗan ƙasar zafi ba ya zato: rana. Sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, wanda ke sa ido ya yi ja da raɗaɗi bayan 'yan awoyi. Tabarau na musamman wajibi ne, haka nan safar hannu da yawan shan ruwa.

Duk wannan ba dalilin hana yaro tafiya ba ne. Najeriya da kanta ta shiga fagen: a 2018 Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo sun wakilce ta a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Koriya ta Kudu, a 2022 kuma Samuel Ikpefan ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi tseren zamiya a gasar, a birnin Bejin. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu a ƙasar mutane bai san komai ba sai ɗakin kwana da aji, shi ma ya yi asara.

Abin da ya rage ga uba ko uwa shi ne tambaya kafin a tura kuɗi: da su wa za a je, a ina za a kwana, an tanadi mai koyarwa da hular kwano, inshorar ta ƙunshi wannan wasa? Ɗalibin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba ya nuna ya shirya. Wanda ya ce "Baba, kada ka damu" kawai, sai ya koma ya bincika, domin rigakafi ya fi magani.