Cinikin Katin Girafik a Titin Beirut

Titin Beirut a Kano ba ya tashi da sassafe. Sai hantsi ya ɗaga ake jin ƙarar ƙofofin ƙarfe, janareta su fara ruri ɗaya bayan ɗaya, yaran shago su shiga fito da kaya bakin hanya. Nan da nan sai ka ga an jibge kwamfutocin tebur baƙaƙe, Dell da HP da Lenovo, wata bisa wata, wasunsu har yanzu da tambarin ofishin da suka yi wa aiki a Turai manne a gefe. A cikin shago akwai akwatin gilashi da aka jera ƙananan kaya masu tsada: ram, furosesa, SSD, da kuma katunan girafik, kowanne a cikin ledarsa mai sheƙi. Can ƙurya ga teburin mai gyara, cike da sukurori da wayoyi, da monita guda da ba a sayarwa domin da ita ake gwaji.

Titin ya samo sunansa ne daga Labanawan da suka zauna a wannan ɓangare na gari tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da yadi. Kantin Kwari da ke kusa ya riƙe yadin har yau. Titin Beirut kuwa ya koma na kayan lantarki, kuma ko da kasuwar Farm Centre ta ja masu sayen waya da yawa, mai neman kayan kwamfuta nan yakan fara leƙawa.

Mafi yawan kayan na hannu ne. Kamfanoni da makarantu a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, dillalai su saye su a dunƙule, a loda a kwantena zuwa tashoshin Apapa da Tin Can a Legas. Daga nan su bi ta kasuwar Alaba da ta Computer Village a Ikeja, tirela ta hauro da su arewa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Turai, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa teburin gwaji ya fi komai daraja a titin.

Masu neman katin girafik kala-kala ne. Akwai masu tace fim daga sutudiyoyin Zoo Road, magadan sana'ar da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Akwai ɗaliban zanen gini masu fama da AutoCAD, da masu gidajen gem da yara ke biya su buga ƙwallo ko GTA. Sai kuma baƙi daga Nijar, waɗanda za ka gane su da lissafin jika da dala a bakinsu da kuma fara biyawa Wapa wajen 'yan canji kafin su shigo. Su ne suka fi tsaya mini a rai. Ka ɗauki saurayi daga Kiéché, kusa da Dogon Dutsi a ƙasar Arawa, wanda ke ɗaukar bidiyon biki da suna da wasan kokawa, yana haɗa su a kan tsohuwar Dell OptiPlex da ya saya shekarun baya. Wayoyi sun ci gaba, hotunan da ake kawo masa sun yi nauyi, kwamfutar ta fara sarƙewa. Ko dai ya nufi Yamai, ko ya bi ta Ƙonni ya tsallaka Illela zuwa Sakkwato, daga nan Kano. Sefarsa tana da ƙarfi, domin a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi sosai tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Amma akwai abin da ɗan gari yake da shi wanda shi ba shi da shi, wato dawowa. In mai shago ya ce "na ba ka garantin kwana uku," ɗan Fagge ne wannan magana ke yi wa amfani. Wanda zai kwana a hanya kafin ya isa gida, kuma ya ga yadda aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 har sama da shekara, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya san abin da ya saya ya sayu ke nan.

Saboda haka nake ganin rabin cinikin a gida ake yin sa, tun kafin a hau mota. Lambar da ke jikin kwali ba ita ke zaɓen kati ba. Tsohuwar kwamfutar ce ke zaɓe, ita da wutar garin da aikin da za a yi.

Abu na farko shi ne girman akwatin. Kwamfutocin ofis irin su OptiPlex 790 da 7010 ko HP Elite 8300 suna zuwa iri biyu da aka fi gani: doguwa mai faɗin ciki, da siririya da ake kwantarwa a kan tebur. Siririyar ba ta karɓar kati sai gajere, mai ƙaramin ƙarfen ɗauri a baya. Sau da yawa katin da kansa zai shiga, amma ƙarfen da ya zo da shi dogo ne, murfi ya ƙi rufuwa. Mai shagon kirki kafin ya buɗe gilashi zai tambaya: "Malam, taka babba ce ko siririya?" Wanda ya ɗauko hoton cikinta da lambar samfurinta a waya ya hutar da kowa. Gurbin da ake soka katin, PCIe, ba shi da rigima sosai, domin tun 2003 da ya fito ake sabunta shi ba tare da an sauya siffarsa ba, sabon kati yana zama a tsohon gurbi. Sai dai wasu sababbin katunan ba sa tashi a kan bod mai tsohon BIOS, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen wuta. Gurbin PCIe wat 75 kaɗai yake iya bayarwa. Duk katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta daban mai baki shida ko takwas daga fawa fak, kuma fawa fak ɗin kwamfutar ofis, wanda sau da yawa bai wuce wat 240 ba a siririya, ba shi da wannan waya kwata-kwata. Sauya shi ma ba koyaushe yake yiwuwa ba, domin Dell da HP sun yi wa samfura da yawa soket nasu na kansu. A nan ne RX 580 ke yaudarar mutane. Kati ne mai ƙarfi, na 2017, mai giga takwas, ga shi da araha a gilashi. Amma wat 185 yake ci. Za a samu mai cewa ai akwai 'yar waya da ake jonawa daga ta hadis a ba shi wuta. Wannan 'yar waya ba a yi ta don ɗaukar irin wannan nauyi ba, takan yi zafi har ta narke, wani lokaci ta tafi da bod ɗin baki ɗaya. Ina jin zafin wannan shawara ƙwarai, domin wanda ake ba ita yawanci jarinsa duka a cikin akwatin nan yake.

Katunan da suka dace da irin wannan kwamfuta ba su da yawa, kuma 'yan kasuwar sun haddace su. GTX 750 Ti na 2014 wat 60 yake ci. GTX 1050 Ti na 2016 mai giga huɗu da GTX 1650 na 2019 suna tsayawa a wat 75, kuma dukansu ana samun gajerunsu, ko da yake gajeren ya fi tsada saboda masu nemansa sun fi yawa. Akwai kuma Quadro irin su K620 da P620 da ake cirowa daga kwamfutocin injiniyoyi, ba su da kwalliya amma suna da juriya. GT 710 da GT 730 kuwa amfaninsu bai wuce ƙara monita ta biyu ba.

Daga nan sai aikin. Mai gidan gem da mai tace bidiyo ba abu ɗaya suke nema ba. GT 1030 na 2017 yana da farin jini saboda ƙanƙantarsa da ƙarancin cin wuta, kuma zai ja wasan ƙwallo daidai gwargwado. Amma iri biyu ne masu suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun kuma ya gaza na farko nesa ba kusa ba, sai an karanta 'yar takardar da ke bayan katin ake bambancewa. Ban da haka, GT 1030 ba shi da NVENC, wato sashen da Nvidia ke sawa domin matse bidiyo. Tun 2020 Premiere Pro ke amfani da wannan sashe wajen fitar da aiki, kuma shi ne bambancin wanda zai miƙa wa iyayen amarya filashinsu da la'asar da wanda zai ce su dawo gobe. RX 6400 na 2022 ma haka yake, sabo ne, gajere, mai sauƙin wuta, amma ba ya matse bidiyo. Ga saurayin Kiéché, tsohon 1050 Ti ya fi masa waɗannan biyun.

Farin jinin 1050 Ti shi ya jawo masa jabu. Ana ɗaukar GTS 450 na 2010, a sauya bayanan da ke ƙwaƙwalwarsa, a sa masa sabuwar riga da sabon kwali, kwamfuta ta riƙa nuna sunan da ba nasa ba. Yana kunnuwa lafiya lau, sai an ɗora masa aiki mai nauyi ya faɗi. Alamar farko a bayansa take: 1050 Ti na ainihi ba ya zuwa da shuɗin ramin VGA, in ka gan shi to ka yi shakka. Ta biyu ita ce manhajar GPU-Z, wadda tun 2018 take tona irin wannan kati ta rubuta cewa jabu ne. Ba duk mai shagon da aka samu da shi ne macuci ba, wani shi ma a haka aka haɗo masa a kwali daga Legas ko Sin. Amma wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma gajiyayyu. A ranar 15 ga Satumban 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin intanet, sai katunan da suka shekara da shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, musamman RX 570 da RX 580. Wasunsu suna da sauran rai. Wasu an wanke su ne kawai aka sauya fanka. Masu gyara sukan duba ko bod ɗin ya yi launin rawaya a kewayen ƙwaƙwalwa, ko an taɓa kwance sukurorin baya, su juya fankar da yatsa su saurari ko tana gurnani.

Cinikin da ya fi burge ni a titin nan shi ne wanda ake yi a zaune. Mai saye ya zo da kwamfutarsa a buhu, ko a nemo irinta sak a shago, a soka katin, a sa direba, a ɗora masa bidiyo mai nauyi ko gem, a bar shi yana aiki rabin sa'a ana kallon ma'aunin zafi. In allo ya fara fitar da ɗigo-ɗigo ko zane-zane, magana ta ƙare. In ya jure sai a shiga taya wa. "Alhaji, a duba dai, daga Nijar na taso." "Albarka, ɗan'uwa, ƙara wani abu." A ja, a sassauta, har a kai ga sallama. Mai shagon da ya san darajar baƙo ba ya gajiya da wannan zama, domin ya san baƙon da ya ji daɗi shi ke aiko 'yan garinsu da lambar waya.

A wajen wannan gwaji ne kuma gaskiya kan fito cewa wani lokaci ba kati ne matsalar ba. Kwamfutar da ke da ram giga huɗu da tsohon hadis mai juyawa, ko an sa mata katin da ya fi kowanne, za ta ci gaba da jan ƙafa. A ƙara ram ya kai takwas ko sha shida, a sa SSD, sau da yawa kuɗin bai kai na kati ba kuma sauyin ya fi fitowa fili. Core i5 na ƙarni na uku zai tafi da 1050 Ti kafaɗa da kafaɗa, amma Core 2 Duo ba zai iya ciyar da shi aiki ba. Mai shagon da zai faɗa maka haka, alhali katin ya fi masa riba, shi ne wanda ya cancanci a riƙe.

Sauran lissafin na gida ne. A yankin Dogon Dutsi zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya cusa ƙura a kowace kafa. Katin da ya yi sanyi a shago mai fanka zai sha wuya a ɗakin kwano a watan Afrilu, don haka a sa mai gyara ya sabunta man da ke kwashe zafi tun a nan, a kuma sayi 'yar na'urar hura ƙura. Wutar kamfanin NIGELEC a yammacin Nijar ta daɗe tana dogara da layin da ke tahowa daga Birnin Kebbi, kuma kowa ya ga halin da aka shiga da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023. Wanda ke aiki da sola da batir ko ƙaramin janareta, kowane wat kuɗi ne a wurinsa, kati mai wat 75 zai ba shi awannin aikin da mai 185 ba zai ba shi ba.

Yanzu da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesan Intel da ya gaza ƙarni na takwas a hukumance, ofisoshin Turai za su ƙara sallamo kwamfutoci na ƙarni na shida da na bakwai. Mai tsohuwar 790 ya kamata ya tambayi farashinsu kafin ya zuba kuɗi a kati, domin wata rana sauya akwatin gaba ɗaya ya fi.

Kafin a naɗe kaya akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa, kuma ba lalle a same su a Kiéché ba. A karɓi gajeren ƙarfen ɗauri da sukurorinsa. A sa a kwafa direban katin a filashi, domin sauko da shi ta intanet ɗin waya zai cinye data mai yawa. In monitar gida mai VGA ce kaɗai, a sayi adaftar HDMI, a gwada ta a kan katin a nan take. Sannan a rubuta lambar jikin katin a kan rasit, a mayar da shi cikin ledarsa, a sa shi tsakiyar tufafi a jakar hannu, kada a bari ya shiga but ɗin mota.