Ɗigo Nawa Ne Zai Wadaci Yaro?

Duk lokacin da ma'aikatan rigakafin shan-inna suka ƙwanƙwasa ƙofa a unguwarmu ta Nassarawa, tambayar iyaye ɗaya ce: "Ba an ɗiga wa yaron nan a zagayen baya ba?" Amsar wannan tambaya tana cikin jinin yaron.

Abin da ake ɗiga wa yaro a baki ƙwayar cutar ce da aka raunana. Da jiki ya gamu da ita, sai ya ƙera sinadaran garkuwa waɗanda ke manne mata, su hana ta yin ɓarna. Ana iya auna ƙarfinsu. A ɗebi ruwan jinin yaro, a yi ta sirka shi, sannan a gauraya da ƙwayar cutar. Idan an sirka har ninki 8 amma bai daina danne ta ba, masana kan ɗauka yaron ya tsira daga shanyewar gaɓɓai.

Sai dai ba kowane ɗigo ke kamawa ba. A ƙasashe masu zafi, gudawa da wasu ƙwayoyin hanji kan hana maganin zama. Ga shi kuma cutar iri 3 ce, garkuwar wannan ba ta tare wancan. Awon da aka yi a Asibitin Murtala Muhammad a 2011 ya nuna wani kaso na jarirai bai kai wannan mizani ba. Dalilin maimaitawa ke nan.

Haka kuma jini ba ya faɗin komai. Allurar shan-inna, wadda Nijeriya ta fara bai wa jarirai a 2015, tana ƙara garkuwar jini sosai, amma ɗigo ne ke gina garkuwar hanji, mai hana yaro yaɗa cutar ta bahaya.

Kano ta ga sakamakon raunin garkuwa. Bayan dakatar da rigakafi a 2003, cutar ta bazu har Indunusiya. Da aka dage, an ga ta ƙarshe mai asali a Borno a 2016, aka kuma tabbatar da kawar da ita daga Afirka a 2020. Amma inda yara da yawa ba su da garkuwa, raunanniyar ƙwayar kan daɗe tana yawo har ta sake yin ƙarfi. Saboda haka ɗalibi, in an ƙwanƙwasa ƙofarku, fito da ƙanenka.