Ɗigon Jini a Farar Riga



A shekarar 2019, wani dattijo ɗan Amurka, Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiya Beyoncé, ya riƙa ganin ɗan ɗigon jini a farar rigarsa, daidai ƙirji. Ɗigo ne kawai, ba wani abin tashin hankali ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya je asibiti. Aka ce masa sankarar mama ce. Namiji fa! Aka yi masa tiyata, gwaji kuma ya nuna yana ɗauke da wata larurar gado da likitoci ke kira BRCA2, wadda 'ya'yansa maza da mata za su iya gada.

Na san wani na jin mu a majalisa yana cewa, "Haba dai, namiji da ciwon mama?" To, baba, namiji ma yana da tsokar nono, ƙarama ce kawai. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 na masu wannan cuta namiji ne, galibi waɗanda suka haura shekara 60. Ƙiba, da ciwon hanta, da gado, duk suna ƙara haɗarin.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi a nan yankin Birnin Kudu da Gwaram. Mutum ya ji ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, ba ya ciwo, sai ya ce maruru ne zai nuna. Ya shafa magani, ya je wanzami ya tsaga. Kunya ta hana shi buɗe riga gaban likita. Ƙirjin namiji kuwa ba shi da nama sosai, don haka cutar kan yi saurin kama fata, ta haura hammata, kaluluwa ta fito.

Ƙullutu, ko kan nono ya lotsa ciki, ko jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa: ko ɗaya ka gani, Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Birnin Kudu. Za a ɗebi ɗan nama a auna. In an kama da wuri, akwai tiyata, akwai ƙwaya irin su Tamoxifen.

Uwargida, in kin ga ɗigon nan a rigar maigida wajen wanki, ki yi masa magana.