HAWAN IGIYAR RUWA DA KAYAK

Can arewacin duniya, a Girinlan da Kanada da Alaska, akwai wasu mutane da ake kira Inuwit. Ƙasarsu ƙanƙara ce, ba a noma. Abincinsu yana cikin teku, saboda haka suka ƙirƙiro wani ɗan jirgi da suke kira kayak.

Kayak ya yi kama da kwalekwalen masunta, amma ya fi shi sirantaka da rashin nauyi. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 17, faɗinsa kuwa bai cika ƙafa 2 ba. A da, da itace ko ƙashi su kan haɗa haƙarƙarinsa, sa'an nan mata su ɗinke shi da fatar wata dabbar ruwa mai kama da ayu. A kan rufe samansa duka, sai rami guda inda mutum zai zauna. Filafilinsa baki biyu gare shi, ana tuƙi dama da hagu.

Daga baya Turawa suka koyi wannan jirgi, suka mai da shi abin wasa. A shekarar 1936 aka sa tseren kayak cikin wasannin Olimfik a birnin Balin. Yanzu da roba a kan ƙera shi, kuma akwai gajere, wanda bai kai ƙafa 10 ba, na hawan igiyar ruwa.

Iska ce ke ta da igiyar ruwa a tsakiyar teku. In igiya ta iso kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi, sai tafiyarta ta ragu, ta yi tozo, kanta ya rinjayi gindinta, ta karye da kumfa.

Mai hawa ya kan tuƙa ya fuskanci igiyoyi sosai har ya wuce inda suke karyewa. Can sai ya juya ya dubi gaɓa, yana jira yana waiwaye. Da ya ga babba ta taso bayansa, sai ya yi ta tuƙi da ƙarfi. Igiya ta ɗaga jirgin, ya gangaro a kanta kamar doki ya zabura. Sa'an nan ya sa filafili a baya yana juya jirgin inda ya so.

Wurin nan ne haɗari yake. In jirgin ya gitta, dole ya jingina wajen igiyar, ya dogara filafilinsa a kanta. In tsoro ya sa ya kauce mata, nan da nan ya kife, kansa a ƙasa cikin ruwa. Inuwit sun san dabarar wannan tun kaka da kakanni. Su kan shari ruwa da filafili, su murɗa ƙugu, jirgi ya miƙe ba su fita ba. Ga maharbinsu wannan dabara ita ce rai, gama ruwansu yana da sanyin da kan kashe mutum cikin ɗan lokaci.

Saboda haka mai hankali ba ya shiga teku sai ya iya iyo, ya sa rigar da ke hana nutsewa da hular kwano, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Su wane ne suka fara yin kayak?
2. Me ke sa igiyar ruwa ta karye kusa da gaɓa?
3. In jirgi ya gitta, me mai hawa zai yi?