Bayan tiyatar furostet: Abin da gwajin PSA ke faɗa game da dawowar sankara

Magidancin da aka cire wa furostet saboda sankara, ya koma gida Gwaram ko Birnin Kudu, yakan ɗauka cewa warkewar ɗinki ita ce ƙarshen jinya. A wajen likita kuwa, lokacin ne ake fara sa ido, domin idan cutar za ta dawo, a jini take fara nuna kanta, tun kafin mai ita ya ji ciwon ƙugu ko na baya.

Furostet ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari. Shi ya sa ake yawan kiran cutar da sankarar mafitsara, alhali gaɓoɓin biyu daban suke. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya.

Ƙwayoyin furostet, lafiyayyu da masu cutar, suna samar da wani sinadari mai suna PSA, wanda kaɗan daga cikinsa ke shiga jini. A shekarar 1986 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa domin bibiyar masu cutar. Idan an cire ƙullutun gaba ɗaya, rabin sinadarin da ya rage a jini yana gushewa duk bayan kwana biyu zuwa uku. Saboda haka bayan mako shida zuwa takwas, ya kamata ya yi ƙasa har na'ura ta kasa ganinsa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Takardar sakamakon gwaji takan nuna cewa daga 0 zuwa 4 lafiya lau ne, amma wannan ma'auni na mai furostet ne. Wanda aka cire wa shi, idan ya ga 1.5 a takardarsa, bai kamata ya ninke ta ya sa a aljihu ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tana ɗaukar nanogiram 0.2 a kowace mililita, idan gwaji na biyu ya tabbatar, a matsayin alamar dawowar cutar.

Sai dai ba kowace tiyata ce ake aunawa da wannan mizani ba. Aikin da ake yi wa dattijo saboda kumburin furostet da ke tare fitsari yana barin wani sashe na ƙullutun, don haka PSA ba zai ɓace ba. Wanda kuma aka cire wa 'ya'yan maraina domin rage ƙarfin cutar da ta riga ta bazu, ana duba PSA ɗinsa tare da sinadarin mazakuta, wanda ake so ya sauka ƙasa da 50. Wajibi ne majinyaci ya tambayi likitansa ainihin aikin da aka yi masa, a rubuta masa.

Hawan PSA ba hukuncin ajali ba ne. Wani bincike na Asibitin Johns Hopkins da aka wallafa a 1999 ya bibiyi maza 1,997 da aka yi wa tiyatar. Kashi 15 cikin 100 ne PSA ɗinsu ya sake hawa, kuma a cikinsu kusan ɗaya bisa uku ne cutar ta bazu a jikinsu, a matsakaicin lokaci na shekara takwas bayan hawan.

Abin da ke bambanta mai hatsari da mai sauƙi shi ne saurin ninkuwar adadin. Wanda nasa ya tashi daga 0.2 zuwa 0.4 cikin wata huɗu ba ɗaya yake da wanda ya ɗauki shekara biyu ba. Likitocin Turai suna sanya mutum cikin rukunin babban hatsari idan adadin na ninkuwa cikin shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ko kuma idan makin Gleason na tsokar da aka cire ya kai 8 zuwa 10. Akan kuma duba sinadarin ALP, wanda kan hau idan cutar ta taɓa ƙashi.

Ba a gane ninkuwa da gwaji ɗaya. Ana buƙatar jerin sakamako masu kwanan wata, kuma ya fi kyau a riƙa yi a ɗakin gwaji guda, domin na'urori sukan ɗan saɓa wa juna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce gwaji duk wata shida zuwa goma sha biyu har shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara.

Ga mutumin Sara ko Basirka da ke zirga-zirga tsakanin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, Asibitin Rasheed Shekoni na Dutse da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, takardu na iya warwatsewa tsakanin fayil-fayil. Ƙaramin littafi irin na ɗan kasuwa, mai ɗauke da ranar gwaji, adadi da sunan ɗakin gwaji, yana magance wannan.

Amfanin gano hawan da wuri a bayyane yake: gashin sankara da na'ura bayan tiyata ya fi nasara idan an fara shi PSA bai haura 0.5 ba. Cibiyoyin gashi irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna da nisa daga kudancin Jigawa, kuma haɗa kuɗi da samun layi na cin lokaci. Wanda ya ga 0.2 ya garzaya wurin likita, yana da sararin yin wannan shiri kafin adadin ya wuce wurin.