Yanar Ido da Hanyoyin Yamai

Kowace mota da ke yawo cikin birnin Yamai, doka ta wajabta mata takardar inshora, wadda direbobi ke ce wa asirans. Akan kuma kai ta wurin masu bincike su duba birki da fitilu da tayoyi. To amma akwai wani abu cikin motar da ya fi birki da fitila muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi, watau idon mai tuƙi. Yawancin direbobin taksi da na faba-faba da ƴan kabu-kabu ba su da inshorar lafiya ko ta dala ɗaya. In mota ta yi karo akwai mai biya. In idon direba ya soma dushewa, sai aljihunsa. Daga cikin cututtukan da ke dusashe ido kuwa, babu wadda ta kai yana yawan makantar da mutane a duniya.

Mece ce yanar ido?

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, Allah ya ajiye wani ɗan madubi garau kamar ɗigon ruwa. Ta cikinsa haske ke ratsawa ya isa ƙuryar ido, sannan mutum ya gani. Idan shekaru suka yi nisa, madubin nan yakan soma gurɓacewa, ya yi fari-fari kamar ruwan da aka ɗiga wa nono. Wannan ita ce yana. Ba a bisa ido take ba balle a goge ta, tana can ciki. Ta bambanta da amosanin ido, wanda ke juyar da gashin ido ciki, ta kuma bambanta da hawan jinin ido, wanda ke kashe jijiyar gani ba dawowa.

Tsufa shi ne babban sanadinta, amma akwai abubuwan da ke gaggauta zuwanta: ciwon sukari, shan taba, yawan zama cikin hasken rana mai ƙarfi, buguwa a ido, da daɗewa ana ɗiga wasu magungunan kumburi ba da umurnin likita ba. Akan ma haifi jariri da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 94 ne yana ta rage wa gani a duniya. A shekarar 2020, wajen mutum miliyan 15 masu shekara 50 zuwa sama ta makantar ɗungum, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Yadda take yi wa mai tuƙi

Mugun halin yana shi ne ba ta da zafi, ba ta kuma zuwa rana ɗaya. Sannu sannu take shiga, har mutum ya saba da hazon, ya riƙa tsammani gilashin mota ne ya yi datti. Alamar farko da direba kan lura da ita, ita ce fitilun dare. Hasken motar da ke tahowa yakan tarwatse cikin madubin da ya gurɓace, ya zama wani babban kewaye mai kashe ido, ya ɓoye duk abin da ke gefensa. Cikin ɗan lokacin nan direba ba ya ganin mai keke, ba ya ganin amalanken jaki da ba shi da fitila, ba ya ganin yaron da ya tsallako. Haka ma in rana ta yi ƙasa da la'asar sakaliya, mai tuƙi ya fuskanci yamma.

Ta biyu, launuka sukan koɗe, abu ya saje da abin da ke bayansa. Mai farar riga a bakin hanya lokacin ƙurar hunturu, ko rami cike da ruwa cikin watan Agusta, mai lafiyar ido ma sai ya natsu yake ganinsu, balle mai yana. Ta uku, sau da yawa ido ɗaya kan riga ɗaya lalacewa. Da ido biyu ne mutum ke auna nisa sosai. In ɗaya ya dushe, sai direba ya kasa sanin ko motar da ke gabansa ta yi kusa, ko zai iya wuce ta kafin wata ta iso.

Mai karatu ya dubi gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ƙunƙuntar hanya ce, ga motoci, ga babura, ga ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, ga masu tafiya ƙasa da kaya a kai. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021, an kuma gina gadojin sama cikin gari. Hanyoyi sun ƙara faɗi, gudu ya ƙaru, kuma gudu yana bukatar ido mai hangen nesa. Haka yake ga direban babbar mota da ke barin Yamai da dare ya nufi Doso da Ƙonni da Maraɗi, inda dabbobi ke ratsa kwalta ba sallama.

Masana sun auna wannan haɗari. A jihar Alabama ta Amurka, wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa tsofaffin direbobi masu yana sun ninka waɗanda ba su da ita sau biyu da rabi wajen yin haɗarin da laifin nasu ne. Masu binciken suka ci gaba da bin sawun masu yana, a 2002 suka bayyana cewa waɗanda aka yi wa aiki haɗarinsu ya sauko wajen rabin na waɗanda ba a yi wa ba. Can ke nan, inda tituna ke da fitilu da alamomi. Kowa ya kwatanta da unguwannin bayan gari na Yamai in dare ya yi.

Abin da ke sa direba yin shiru

Mutum yakan ci permi yana saurayi, idonsa garau. Yana kuwa sai bayan shekara ashirin ko talatin take zuwa, lokacin da iyali suka yi yawa, ga haya, ga kuɗin lakkol. Direban taksi da motar ba tasa ba, kowace yamma sai ya kai wa mai mota kuɗin da suka yanke, abin da ya saura shi ne cefane. Ranar da bai fita ba, tukunya ba ta hau wuta ba. In ya ce idonsa ya rage gani, mai mota zai karɓe makulli ya ba wani. Saboda haka sai ya rufe bakinsa, ya soma dabara: ya bar aikin dare, ya tsaya kan hanyoyin da ya haddace, ya bi bayan wata mota yana kallon jar fitilarta. Kowace dabara tana rage masa samu, samun da ya ragu kuma yana ƙara nisanta shi da asibiti. Ga yadda ciwon da ake warkarwa cikin rabin awa ke cinye sana'ar magidanci.

Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi, wadda da ita baitulmali ke biya masa kaso mai tsoka na kuɗin asibiti. Wasu manyan kamfanoni ma suna yi wa ma'aikatansu inshora. Amma manomi da ɗan tebur da mai wanki da direba, daga aljihu suke biya. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, da mata masu awon ciki, sai dai aikin yanar tsofaffi ba ya cikin wannan rangwame. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jika 42 a wata, a 2024 kuma an rage kuɗin magani a asibitocin gwamnati da rabi daga ranar 1 ga Satumba. Wannan sauƙi ne babba. Duk da haka kuɗin aiki ba shi kaɗai ne nauyin ba. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan rakiya, da na maganin ɗigawa, da kwanakin da mutum zai zauna gida har likita ya yarje masa komawa tuƙi. Ga wanda ya taho daga ƙauye kuma akwai masauki da abinci.

Masu tafiya ƙasa

Ba mai riƙe da sitiyari kaɗai yana ke ɗaurewa ba. Dattijon da ya saba zuwa masallaci da asuba, sai ya koma yin salla a gida don tsoron kwata da babura. Tsohuwar da ke sayar da kayan miya a Katako ko Wadata ba ta iya tsallaka titi sai an riƙe mata hannu, ba ta rarrabe takardar kuɗi, ba ta gane motar unguwarsu. Daga nan sai a ɗauko jika a ba shi sanda ya zama ɗan jagora. Ido biyu suka dushe, mutum biyu suka tsaya: babba ya bar sana'a, yaro ya bar karatu. Wannan hasara ba ta shiga lissafin haɗarin mota, amma kowace unguwa ta san ta.

Magani yana nan

Babu kwalli, babu ganye, babu maganin ɗigawa da ke narkar da yana. Tabarau yakan taimaka da farko, daga baya ya kasa. Maganinta aiki ne. Likita yakan kashe zafin ido da magani, mutum yana farke, ya yi ɗan ƙaramin tsagi, ya fitar da madubin da ya gurɓace, ya sa wani na roba garau a madadinsa. Aikin bai cika wuce minti 30 ba, kuma galibi kashegari ake cire bandeji. Ba sai an jira ido ya rufe ɗungum ba. Da zarar yana ta soma hana mutum aikinsa, lokaci ya yi.

Wannan ilimi ya daɗe yana tafiya. Wajen shekara 1000 da suka wuce, likitan ido Ammar ɗan Mausil ya bayyana yadda ake zuƙe yana da allura mai rami. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya soma fitar da madubin gaba ɗaya. A 1949 Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a birnin Landan. Daga 1992 zuwa gaba aka soma ƙera madubin da araha a Indiya da Nepal, har talaka ya iya samunsa.

A nan ya wajaba a ja kunnen jama'a game da masu yawo gari gari suna kwantar da yana da tsinke. Abin da suke yi shi ne tura madubin ya faɗa cikin ido. Mutum yakan ga haske nan take ya yi murna, amma ba a sa masa wani madubi ba, ganinsa ba zai daidaita ba sai da tabarau mai kauri ƙwarai. Sau da yawa kumburi ko ƙwayar cuta ko hawan jinin ido kan biyo baya, idon ya mutu, likita ma ya rasa yadda zai yi. Araha ba ta ado.

A Yamai ana aikin yana a Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Lamorde mai sunan Amiru Bubakar Diallo a ƙetaren kogi, da asibitin ido na Makka, wanda ke da ɗan'uwa a Maraɗi. Ma'aikatar Lafiya tana da shirin ƙasa na kiwon lafiyar ido. Tun 2008 Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe ya sa Nijar cikin ƙasashe 8 na farko na ƙawancen yaƙi da makantar da ake iya kaucewa, kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasashe aminai sukan shirya aikin ido kyauta lokaci lokaci. Duk wanda ya ji sanarwa a rediyo, ya isar wa maƙwabcinsa.

Abin da ya rage gare mu

Ga gwaji mai sauƙi da kowane direba zai iya yi yau. Ya tsaya mita 20 daga bayan wata mota da rana, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya karanta lambarta, sannan ya sauya ido. In ɗaya ya kasa, ko fitilun dare sun soma kashe masa ido fiye da da, ya nufi likitan ido. Wanda ya haura shekara 40, da mai ciwon sukari, ya kamata su riƙa kai idonsu a duba ko ba su ji komi ba. Kafin a yi aiki kuwa, barin tuƙin dare wajibi ne, domin ran fasinja amana ce.

Shugabannin sandika na direbobi sun san adashi, sun san gudummawar suna da ta rasuwa. In aka buɗe ɗan asusu na ido, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa, za a iya biya wa ɗan'uwa aiki, a kuma riƙe masa gida na ƴan kwanaki. Mai mota shi ma ya sani, direban da ya ƙware in aka gyara masa ido ya fi sabon hannu, kuma kuɗin aikin bai kai na gyaran motar da ta yi karo ba.

Ga hukumomi kuma, musamman ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya da ma'aikatan lafiyar ido, akwai wurin haɗa hannu. A kai awon ido tashoshin mota, inda direbobi suke. Amma a kula: in awon ya zama tarkon ƙwace permi kawai, kowa zai gudu, ciwon ya ƙara ɓuya. Dole wanda aka samu da yana ya fita da takardar zuwa asibiti da ranar aiki a hannunsa. A 2021 ƙasashen duniya sun yi alkawari a taron Hukumar Lafiya cewa kafin 2030 za su ƙara kashi 30 cikin 100 bisa yawan masu yana da ke samun aiki mai kyau. Ƙasarmu ta riga ta nuna tana iyawa, domin a watan Janairu na 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar bakin kogi. Wancan yaƙi ya ɗauki shekaru da dama. Na yana kuwa makaminsa yana hannu.

Ƴan'uwa da suka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa na kusa da ku wannan bayani, a tasha da majalisa da cikin gida. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kiyaye hanya.