Wai Gudu Shi Ka Riƙe Mashin

Duk wanda ya taɓa hawa bayan ɗan kabu-kabu a ƙasar Gwandu cikin watan Mayu ko Yuni ya san lokacin da nake nufi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi ta fara kwashe ledoji daga bakin titi, sai matuƙi ya ɗan waiwayo ya ce, "Malam, riƙe da kyau," ya murɗa hannu. Na taɓa roƙon wani dattijo da ya ɗauko ni ya sassauta. Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Ɗana, gudu shi ka riƙe mashin. In ka yi sanyi, iska ta kada kai."

Mutumin ya girme ni, kuma ya fi ni sanin hanya nesa ba kusa ba. Maganarsa ma ba duka ce kuskure ba. Abu mai ƙafa biyu ba ya tsayuwa sai yana tafiya, ko yaron da ke koyon keke ya san haka. Mashin ɗin da ke rarrafe kamar mai bin gawa ya fi tangal-tangal. Akwai kuma gaskiya ta biyu. Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma masu nazarin yanayi sun auna cewa yakan ci kimanin kilomita 50 a awa. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi. Saboda haka wanda ya baro Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya nufi birni, hadari a bayansa yake, iska tana tura shi ne, kuma idan ya taka da kyau zai iya riga ruwa isa. Ya gwada sau goma ya tsira sau goma. Yaya za a yi ya yarda da mai cewa gudu ba dabara ba ce?

Sai dai hanya ba ta miƙe wa kowa yamma har abada. Kalgo tana kudu da Birnin Kebbi. Da zarar ka juya ka kama hanyarta, iskar da ke bayanka ɗazu ta dawo gefen hagunka, kuma iskar gefe wata aba ce daban. Ba ta zuwa da ƙarfi ɗaya. Takan lafa, ta dawo ta bugo, ta sake lafawa. Matuƙi ya jingina mashin hagu don ya tare ta, sai ta ɗauke kwatsam ya tafi inda ya jingina. Haka yake faruwa duk sa'ad da aka wuce jerin gidaje aka fito buɗaɗɗiyar fadama, ko aka gifta tirela: jikinta ya kare maka iskar na ɗan lokaci, kana fita daga inuwarta iskar ta mare ka.

A nan ne nake roƙon dattijon nan da 'yan'uwansa mu yi ɗan lissafi tare. Mai tafiyar kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Mai tafiyar 40 yana cin 11. Daga lokacin da iska ta bugi mutum zuwa lokacin da hannunsa zai gyara, kusan daƙiƙa guda ce. Bugun ya ɗan karkatar da kan mashin, kuma duk tsawon wannan daƙiƙa a karkace yake tafiya. Mai 40 zai farga yana kan kwalta. Mai 80 ya ninka tazarar, wataƙila ya farga a hannun motar da ke tahowa, ko a yashin da ke gefen titi. Birki kuma ya fi haka rashin tausayi, domin idan gudu ya ninku sau biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Ga ƙurar da ke gaban hadari ta rufe ido, ga yayyafin farko ya jiƙa dattin mai da ya yi wata bakwai ko takwas a kan titi. Tsayuwar da mashin ke bukata, gudu matsakaici ya riga ya ba shi. Abin da aka ƙara a kai ba ya ƙara riƙo, yana dai rage lokacin gyara kuskure.

Wasu kuma sukan ce kaya na danne mashin. Ya danganta da kayan. Buhun shinkafa da aka ɗaure ƙasa-ƙasa a tsakiya yana iya taimakawa. Amma Boxer ɗin da ya cika tashoshinmu nauyinsa kilo ɗari ne da ɗan ɗoriya, kuma abin da iska ke nema faɗi ne, ba nauyi ba. Buhunan albasar Aliero uku a jere zuwa sama, katifar ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, bandir ɗin kwano a gicciye, duk filafilai ne aka ɗaura mata. Kakanninmu da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara ba su san mashin ba, amma sun san iska. Har babbar riga ma sai an naɗe ta an zauna a kai.

(Hular kwano kuwa, tun da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ta a farkon 2009 har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, ba mu daina mayar da ita abin dariya ba. Amma a cikin guguwar ƙura, gilashinta kaɗai ya isa dalili.)

Na san abin da ke sa a murɗa hannu. Fasinja yana ƙorafin zai jiƙe, mai mashin yana jiran balas ɗinsa da yamma, fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Mu fasinjoji muna da kaso babba a laifin, don mu ne masu cewa a taka. Amma mafi munin iskar hadari ita ce ta gabansa, mai tuge kwanon rufi, kuma ba ta daɗewa. Idan ruwa ya sauka sosai takan yi sauƙi.

Idan ta riske ka a fili, ka sauke giya, ka matse tanki da gwiwoyi, ka saki kafaɗu kada ka ƙanƙame kan mashin, ka bar wa kanka fili a ɓangaren da take tura ka. Da ka hango gini mai ƙarfi, ka tsaya a gefen da ba ta bugowa. Ban da gindin dogon yaro, reshensa yana karyewa, ga kuma tsawa. Ban da rumfar kwano ta mai shayi.

Ranar da na hau bayan dattijon nan mun isa lafiya, ba zan ɓoye ba. Da na sauka na miƙa masa kuɗi, sai na ga hannun da ya karɓa da shi yana rawa.